Kwakwar da ke ɓata a takarda: dalilin da ya sa alƙaluman kwakwa da kofra ba sa haɗuwa

Idan ka tambayi hukumar bunƙasa noman kwakwa ta Indiya, wadda ke da mazauni a birnin Kochi, wace ƙasa ce ta fi kowa kwakwa a duniya, za ta ce maka Indiya ce, kuma tana da hujja: kwakwa kimanin biliyan 20 a shekara. Idan kuma ka buɗe rumbun bayanan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, Indunusiya za ka gani a sama da kimanin tan miliyan 17, sai Filifin da kusan tan miliyan 15, Indiya kuma tana ta musayar matsayi na biyu da na uku da Filifin gwargwadon shekara. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ɗaya yana ƙirga ƙwara, ɗaya yana auna nauyi. Waɗannan ƙasashe uku su ke da fiye da kashi 70 cikin 100 na kwakwar duniya, wadda FAO ke sawa a kan tan miliyan 62 ko kusa da haka, don haka saɓanin da ke tsakanin littattafansu saɓani ne a kan lissafin duniya baki ɗaya.

Wannan ma mai sauƙin ne. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne idan aka zauna za a haɗa lissafin ƙasa ɗaya ko yanki ɗaya. Ƙa'idar a fili take: abin da aka noma, a haɗa da wanda aka shigo da shi da wanda ya kwana a rumbu tun bara, dole ya yi daidai da abin da aka ci, da wanda aka sarrafa, da wanda aka fitar waje, da iri, da wanda ya lalace, da wanda ya rage. A kwakwa, da wuya ɓangarorin biyu su zo daidai. Wata shekarar sai a ga an noma fiye da abin da za a iya cewa ga inda ya shiga. Wata shekarar kuma man da aka fitar ta tashar jiragen ruwa ya fi ƙarfin kofrar da littafi ya ce an samu. Kofra dai ita ce tsokar kwakwa da aka ɓanɓare daga ƙoƙonta aka busar domin a matse mai, kuma ita ce ta ɗauki kasuwar kwakwa ta duniya fiye da shekara ɗari.

Da mutum ya ga irin wannan giɓi, abin da ke fara zuwa masa shi ne akwai lauje cikin naɗi. Wani lokacin akwai, za mu zo kansa. Amma mafi yawan kwakwar da ake cewa ta ɓata ba ta taɓa faɗowa daga bishiya ba. A kan takarda aka haife ta, a kan takarda kuma ta ɓata.

Babu mai ƙirga kwakwa

Fiye da kashi 90 cikin 100 na kwakwar duniya a hannun ƙananan manoma take, masu hekta ɗaya ko biyu, da kuma masu bishiya goma ko ashirin a bayan gida. Ba ta da kaka ɗaya kamar gero ko shinkafa da za a ce a tura malaman gona su yanki wani ɓangare na gona su auna. Bishiyar tana fitar da sabon nono kusan kowane wata. A Filifin al'adar ita ce a yi ɗiba duk kwana 45. A tsibiran tekun Fasifik ma ba a cika hawa ba, jira ake ta faɗo a tsince. To wa zai bi wannan?

Abin da ake yi shi ne ƙiyasi: faɗin gonaki, a ninka da yawan bishiya a hekta, a cire waɗanda ba su fara 'ya'ya ba, a ninka da adadin da ake zaton kowace bishiya na bayarwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan lambobi yana iya zama tsohon yayi. Ƙidayar gonaki a yawancin ƙasashe sau ɗaya ake yin ta a shekara goma, tsakanin ƙidaya da ƙidaya kuma bishiyoyi suna tsufa, ana sare wasu a yi katako, ana mai da gonaki filayen gidaje ko a shuka kwakwar manja. Littafi bai san an yi ba.

Siri Lanka ta daɗe tana bin wata hanya daban, ta baya-baya. Maimakon a fara daga gona, sai a fara daga tukunya: a ɗauki adadin kwakwar da ake zaton kowane mutum na ci a shekara, wanda ya haura ɗari, a ninka da yawan jama'a, a ƙara abin da masana'antu suka saya da wanda aka fitar, sai a ce ga abin da ƙasa ta noma, tsakanin biliyan biyu da rabi zuwa uku a yawancin shekaru. Dabarar tana da kyau, sai dai a irin wannan lissafi ba za a taɓa ganin giɓi ba, domin amsar ce aka mayar tambaya. Idan kwakwa ta yi tsada uwargida ta rage yawan wadda take gogawa a miya, lissafin ba zai sani ba. Cibiyar binciken kwakwa ta ƙasar da ke garin Lunuwila kuwa daga gonaki take yin nata ƙiyasin.

Ita kanta FAO ba ta da ma'aikata a gonakin kowa. Takardar tambayoyi take aika wa gwamnatoci, abin da suka cike shi take bugawa. Inda ba a amsa ba sai ta cike gurbin da ƙiyasinta, ta sa wa lambar wata 'yar alama a gefe da ke nuna cewa ba ta hukuma ba ce. Alamar nan ita ce abu na farko da ke faɗuwa idan 'yan jarida da masu rubuta rahoto suka kwafi lambar.

Ƙwara, kilo, ko kofra

A nan ne mafi girman ɓarnar take. Indiya da Siri Lanka da ƙwara suke lissafi. Hukumar ƙididdiga ta Filifin da tan take yi, kuma a rubuce take cewa kwakwa ce da ɓawonta na waje mai zare. Indunusiya kuwa ba ta ba da ko ɗaya daga cikin biyun: sashen kula da manyan gonaki na ma'aikatar gona yana fitar da lambarsa ne a matsayin kwatankwacin kofra, kimanin tan miliyan 2.8, wato abin da za a samu da a ce duk kwakwar ƙasar an busar da ita, ko da kuwa an sha ruwanta ɗanya ko an tatse ta an yi miya. Sannan ma'anar da FAO ta ba kwakwa ita ce wadda aka feɗe wa ɓawon waje aka bar ta a ƙoƙonta. Ma'auni huɗu ke nan, kuma dole a juya kowanne zuwa ɗan'uwansa kafin a tara.

Yi wannan ɗan lissafi da kanka. Ƙungiyar ƙasashe masu noman kwakwa, wadda aka kafa a 1969 take da mazauni a Jakarta, tana ba Indunusiya kwakwa kimanin biliyan 14. Raba tan miliyan 17 na FAO da wannan, kowace kwakwa ta zama kilo 1.2. Na Filifin ya kan faɗo a kan kilo ɗaya cif, ko kusa da haka. Na Indiya kuwa wajen giram 700. Gaskiya ne kwakwar Indiya galibi ba ta kai ta Filifin girma ba. Amma waɗannan lambobi ba daga sikeli suka fito ba, daga ofis suka fito. Ninka tan miliyan 2.8 na kofrar Indunusiya da 6, sai ga miliyan 17 ɗin FAO. Ninka shi da ƙwara 5,000, sai ga biliyan 14 ɗin ƙungiyar. Lamba ɗaya ce ta sa riga uku, kuma mai karatu zai ɗauka majiya uku ne suka gaskata juna. Haka nan adadin Filifin da ke rumbun FAO kusan shi ne na hukumar ƙididdigar ƙasar, mai haɗe da ɓawo, alhali ɓawon nan ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin kwakwa.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san tiyar wani gari ba ta wani gari ba ce, kuma wanda ya tara buhunan garuruwa goma ya ninka da tiya ɗaya zai sha mamaki ranar awo. Tan ɗaya na kofra yana iya cin kwakwa 4,500 a inda take da girma, ya ci 6,000 ko 7,000 a inda take ƙanana. A ɗauka, don misali kawai, ƙasa tana da kwakwa biliyan 15. A kan 4,500 za ta ba da kofra tan miliyan 3.3. A kan 5,500, miliyan 2.7. Tan dubu 600 sun tafi ba tare da ɓarawo ya taɓa ko ƙwara ɗaya ba. Kuma girman kwakwa ba a tsaye yake ba: bayan fari takan ƙanƙance, tsokarta ta yi siriri, amma lambar da ake ninkawa da ita a ofis tana nan yadda aka gaje ta.

Sai kuma ruwa. Tsokar kwakwa ɗanya kusan rabinta ruwa ne. Kofrar da masu matse mai ke so ita ce wadda danshinta ya sauko zuwa wajen kashi 6 cikin 100. Manomin Filifin yakan tsaga kwakwa biyu, ya jera ta a kife kan wani dandamalin gora da suke kira tapahan, ya hura wutar ɓawo da ƙoƙo a ƙarƙashi, hayaƙi ya yi ta dukanta kwana biyu ko uku har tsokar ta saki ƙoƙon ta yi ruwan ƙasa. Yana bukatar kuɗi yau, don haka ba ya jira ta bushe sarai. Ya kai wa mai saye a ƙauye, wanda sau da yawa ba shi da na'urar gwada danshi. Zai ɗauki yanki ya karya, ya duba bakin karayar, ya murza da yatsa, ya yanke nawa zai zaftare daga nauyin. Daga nan kofrar ta zauna a sito tana ci gaba da bushewa har ta kai matakin da 'yan kasuwar ke kira resecada. Kilo 100 mai danshi kashi 20 idan ya sauko zuwa kashi 6, kilo 85 zai koma. Wanda ya rubuta nauyi a ƙauye da wanda ya rubuta a ƙofar masana'anta duk gaskiya suka rubuta, amma tsakaninsu akwai kilo 15 a kowane ɗari da iska ta sha. Ƙara da wadda ta yi fumfuna, da wadda ƙwari da ɓeraye suka ci a sito.

Bishiya ba ta bin kalandar ofis

Daga lokacin da furen kwakwa ya ɗauki ciki zuwa nunarta wata 12 ne, kuma asalin nonon yana fara ƙulluwa a cikin bishiya fiye da shekara biyu kafin ya ɓullo. Saboda haka farin bana a baɗi ake jin zafinsa. Farin da El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik mai hargitsa damina, ya jawo a 1997 zuwa 1998, da na 2015 zuwa 2016, da na 2023 zuwa 2024, duk sai daga baya suka bayyana a masana'antu da farashi. Mai ƙiyasi da ke kallon gonaki kore shar bayan ruwa ya dawo zai rubuta cewa komai lafiya, alhali injinan matse mai suna tsaye babu kofra.

Guguwa ta fi wannan rikitarwa. Haiyan, wadda 'yan Filifin ke kira Yolanda, ta afka wa ƙasar a watan Nuwamban 2013, kuma hukumar kwakwa ta ƙasar ta ƙiyasta cewa bishiyoyi miliyan 44 ne suka lalace, miliyan 33 daga ciki a yankin Gabashin Visayas. A makonnin farko kofra ƙaruwa take yi a kasuwa bayan irin wannan masifa, domin duk abin da iska ta kakkaɓo ana tsincewa a busar. Bayan haka sai a shiga shekarun rashi, tunda doguwar kwakwa tana ɗaukar shekara shida zuwa takwas kafin ta fara haihuwa. Wadda ta karye an san ta tafi. Wadda ta tsaya amma iska ta tsige mata kai fa, a wane layi za a sa ta, mai haihuwa ko marar haihuwa? A 2014 kuma wani ƙwaro mai manne wa ganye, da suka laƙaba wa suna cocolisap, ya mamaye lardunan Batangas, Laguna, Cavite da Quezon na Filifin har shugaban ƙasar ya fitar da dokar gaggawa a kansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buɗe tazara tsakanin bishiyar da ke littafi da wadda ke ba da 'ya'ya.

Shekarar lissafin ma ba ɗaya ba ce. FAO daga Janairu zuwa Disamba take bi. Ma'aikatar gona ta Amurka, wadda 'yan kasuwar mai suka fi dubawa, tana lissafin kofra da man Filifin daga Oktoba zuwa Satumba. Indiya tana da shekarar noma daga Yuli zuwa Yuni, da shekarar kuɗi daga Afrilu zuwa Maris.

A tsibiran Fasifik akwai wani abu da ya fi duk wannan sauƙin fahimta. A Vanuatu, tsibiran Solomon da Papua New Guinea, bishiya tana zubar da 'ya'yanta ko da mai saye ko babu. Idan farashi ya faɗi, ko jirgin ruwan da ke zagaya ƙananan tsibirai ya yi wata uku bai zo ba, sai a bar ta a ƙasa ta tsiro ko aladu su ci. Idan farashi ya tashi kowa ya ɗauki wuƙa. Saboda haka jadawalin kofrar waɗannan ƙasashe yana hawa da sauka kamar an yi annoba an warke, alhali bishiyoyin ba su canza ba. Labarin farashi da jirgin ruwa yake bayarwa.

Kwakwa ta bar kofra a baya

Dalilin da ya sa giɓin yake ƙara faɗi da tafiyar shekaru shi ne an gina tsarin lissafin a zamanin da kwakwar kasuwa hanya ɗaya take bi: gona, busarwa, buhu, jirgin ruwa zuwa Turai ko Amurka. A lokacin, wanda ya ƙirga buhunan kofra a tasha ya san kusan komai. Yau kofrar duniya duka ba ta wuce wajen tan miliyan 6 ba a lissafin Amurka, man da ake samu daga cikinta kuma tan miliyan uku da rabi da 'yan kai. Sauran kwakwar tana tafiya ta hanyoyin da ba su da mai tsaron ƙofa: madarar kwakwa a girkin Indunusiya, Tailan da Siri Lanka, ɗanyar kwakwa da ake sara a sha a bakin titunan Indiya, wadda ake fasawa a wuraren bautar Hindu, garin kwakwa na masu biskit da alewa, ruwan kwakwa na kwali, man da ake tatsa daga ɗanyar tsoka ba tare da an bi ta kofra ba. Akwai ma bishiyoyin da ake tsaga furensu a tari ruwan a yi sukari ko giya. Waɗannan ba sa ba da ƙwara ko ɗaya, amma suna cikin hektocin da ake ninkawa.

Filifin ta ƙara wata ƙofa da dokar man ababen hawa ta 2006, wadda ta wajabta gauraya man kwakwa a cikin dizal: kashi 1 cikin 100 a 2007, kashi 2 a 2009, kashi 3 daga Oktoban 2024. Ƙasar da a da ita ce kan gaba wajen fitar da kofra, har gwamnatin shugaban ƙasar na lokacin, Ferdinand Marcos, ta hana fitar da ita daga 1982 zuwa 1986 don ciyar da masana'antun gida, yanzu ita ke sayen kofra daga maƙwabta. Man da ya fita daga tsibirin Mindanao na kudancin ƙasar da sunan Filifin yana iya zama na kwakwar da ta faɗo a wani tsibirin Fasifik.

Lambobin kwastan su ma ba su taimaka ba. Sai a gyaran da aka yi wa lambobin kwastan na duniya a 2012 aka ware wa kwakwar da ke cikin ƙoƙonta lambarta ta daban, 0801.12, kafin nan a cakuɗe take da sauran. Kofra tana da tata, mai yana da tasa, amma madarar kwakwa da ruwanta suna shiga layukan da suka haɗa su da wasu kayan abinci da na sha, inda ba za a iya tsame su ba. Ga kuma Holan, wadda ba ta da bishiyar kwakwa ko ɗaya amma tana cikin manyan masu fitar da man kwakwa, saboda abin da ke sauka a tashar jiragen ruwanta ta Rotterdam ana tace shi a wuce da shi. Mai tara lissafin yanki da bai lura ba zai ƙirga gangar mai ɗaya sau biyu.

Inda laujen yake

Wani giɓin kam da hannu aka haƙa shi. A shekarun 1950 gwamnatin Indunusiya da ke Jakarta ta riƙe cinikin kofra ta hannun wata hukuma mai suna Yayasan Kopra, wadda ta gada daga Turawan Holan, tana saye da araha tana riƙe kuɗin waje. Mutanen tsibirin Sulawesi, har da hafsoshin soja na yankin, sai suka koma loda kofra a jiragen ruwa suna kai ta ƙetare suna musanya da shinkafa, yadi da motoci. A 1956 gwamnati ta rufe tashar jiragen ruwa ta Bitung da ke arewacin Sulawesi saboda wannan, jama'ar Minahasa, yankin da tashar take, suka tayar da ƙayar baya har aka buɗe ta, kuma rikicin kofra na cikin abubuwan da suka haifar da tawayen Sulawesi da aka sani da Permesta, wanda aka shelanta a watan Maris na 1957. Duk wanda ya ɗauki alƙaluman fitar da kofra na Indunusiya na waɗannan shekaru ya ce noma ne ya faɗi, ya karanta littafin kwastan ne kawai. Hanyar da aka saba bi a gano irin wannan ita ce a duba littafin ƙasar da ta karɓi kayan. To amma Singafo, babbar mashigar kayan yankin, ta shafe shekaru masu yawa ba ta buga alƙaluman cinikinta da Indunusiya, sai daga 2003 aka fara haɗa su.

Haraji ma yana koya wa mutane rage lamba. Daga 1971 zuwa 1982 an ɗora wa kofrar Filifin haraji iri-iri a kan kowane kilo 100, aka tara kusan peso biliyan 9.7 da sunan manoma, kuɗin da ya ƙare a sayen banki da hannun jarin kamfanin San Miguel ƙarƙashin mutanen Marcos irin su attajiri Eduardo Cojuangco. Sai a 2012 kotun ƙoli ta tabbatar cewa dukiyar jama'a ce, sai kuma a 2021 aka yi dokar da ta kafa asusun amana don manoman. A tsarin da kowane buhun da aka rubuta yake jawo biya, ba sai an gaya wa ɗan kasuwa abin da zai yi ba.

Tallafi kuma akasin haka yake koyarwa. Kiribati, wata ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, ta ninka farashin da gwamnati ke sayen kofra daga dalar Ostareliya 1 zuwa 2 a kan kilo a 2016, daga baya ta kai shi 4, sama da abin da kasuwar duniya ke biya nesa ba kusa ba. Kofrar da ake kawowa sikeli ta ƙaru ƙwarai, ba don an shuka sababbin bishiyoyi ba. Kuma tunda a kan nauyin da aka auna a tsibiri ake biya, ba wanda ya isa masana'anta a Tarawa, babban birnin ƙasar, ba, babu mai gaggawar busar da tasa sarai. A Indiya gwamnati tana sanar da mafi ƙarancin farashi duk shekara, rufi 11,582 a kan kilo 100 na kofrar matsewa a kakar 2025, don haka abin da hukumomin saye suka karɓa a rubuce yake dalla-dalla, abin da ya bi ta hannun 'yan kasuwar Kangayam da Tiptur, manyan kasuwannin kofra na kudancin ƙasar, kuma sai ƙiyasi. Man ma ana yi masa algus: a 2018 jihar Kerala ta haramta gomman samfuran man kwakwa da aka samu an gauraya. Duk litar man da ba na kwakwa ba da aka sayar da sunan kwakwa, a lissafi tana neman kofrar da ba a taɓa yi ba.

Mu ma nan muna da namu kason. Kwakwar da ake yankawa a faranti a tashoshin mota na Kano da Kaduna, da wadda ake yin alewar kwakwa da ita, akasari ta Badagry take biyowa, kuma ba duka ce ta gonakin Legas ba. Mai yawa daga yammacin Gana take tasowa ta ratsa Togo da Benin. Kayan da ya tsallaka iyaka uku a ƙananan motoci da kwale-kwale yana iya fitowa a littafin Gana a matsayin wanda aka ci a gida, a na Najeriya kuma a matsayin wanda aka noma a gida. Rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya rufe littafin kwastan fiye da yadda ya rufe hanya.

Akwai kuma giɓin da gyara ke haifarwa. A 2013 Filifin ta haɗe hukumomin ƙididdigarta huɗu, har da ta aikin gona, suka zama ɗaya. Papua New Guinea ta rushe hukumar da ke da ikon sayen kofra ita kaɗai a 2002, kuma hukumar da ke sayen komai ita ce ke iya ƙirga komai. FAO da kanta ta sauya tsarin jadawalin abincinta: tsohon ya tsaya a 2013, sabon ya faro daga 2010, kuma a sabon an buɗe layi na musamman don abin da ya rage ba a san inda ya shiga ba. A tsohon tsarin, saurar ana cusa ta ne cikin wani layin don lissafi ya daidaita. Wanda ya manna jadawalin biyu ya ja layi ɗaya daga 1961 zuwa yau zai ga tsalle a tsakiya ya ɗauka wani abu ya faru a gona.

A ganina sabon tsarin ya fi gaskiya, duk da ya fi muni a ido. Kuma idan lambobi biyu suka yi karo, na fi yarda da wadda aka ɗauka a ƙofar masana'anta ko bakin tasha, inda akwai sikeli da rasit da wanda zai yi asara idan an yi kuskure, a kan wadda aka ninko daga hekta. Jadawalin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai tafiya sumul, yana ƙaruwa da kaɗan-kaɗan duk shekara, ya ratsa fari da guguwa ko gezau. Bishiya ba ta yin haka.

Abin ya daina zama gardamar masana a 2025. Man kwakwa ya haura dala 2,500 a kan tan, farashin da ba a taɓa gani ba. A Indunusiya masu masana'antun madara da garin kwakwa suka ce sun rasa kayan aiki saboda ana kwashe kwakwa ɗungurungum zuwa Chaina, suka nemi a dakatar da fitarwa. Manoman wurare irin su Indragiri Hilir a lardin Riau, waɗanda suka daɗe ba su ga farashi mai kyau ba, suka ce a bar su su sayar wa wanda ya fi biya. Gwamnati ta tsaya tsakanin dakatarwa da sanya haraji, alhali alƙaluman noman da ke gabanta sun yi shekaru kusan a wuri ɗaya, ba su nuna ƙarancin da kowa ke gani a kasuwa ba. Siri Lanka, ƙasar da ke fitar da kayan kwakwa, ta amince a shigo da kwatankwacin ƙwara miliyan 200 don masana'antunta, kuma a watan Maris na shekarar ta sa manoma suka fito suka ƙirga birai, kurege da ɗawisu na minti biyar, domin a san yawan masu cin amfanin gonar da babu su a kowane jadawali.

Ana sa rai ga tauraron ɗan'adam, kuma ya taimaka. Wani bincike da aka buga a 2023 ya zana taswirar kwakwar duniya daga hotunan sama, ya samu kimanin hekta miliyan 12 da rabi na gonakin da bishiyoyinsu ke da yawa a wuri ɗaya, abin da bai yi nisa da lissafin FAO ba, sai dai da yiwuwar kuskuren kusan hekta miliyan 4 sama ko ƙasa. Da masu binciken suka haɗa da wuraren da kwakwa ke warwatse cikin wasu itatuwa da bayan gidaje, faɗin ya ninka sau uku.